Minti Biyar na Inna

Duk wanda ya ga Inna a gaban mijinta zai rantse mace ce mai sanyin hali, irin wadda ba ta ɗaga murya ko da wuta ta kama gefen zaninta. To bai san ta ba ne. Inna tun tana budurwa, idan ta saki dariya a tsakar gidansu, sai masu faci a bakin titi sun waiwayo. Abin da ya same ta kawai shi ne ta auri Duba-gari.

Ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakin bawan Allah. Bai taɓa zaginta ba, bai taɓa barin gidan babu cefane ba. Aikinsa ne ya biyo shi gida ya ƙi komawa. Shekara talatin da ɗoriya yana shiga gidajen mutane yana leƙa randa, yana ɗaga murfin tukunya, yana shafa yatsa a jikin taga ya duba, har ta kai idan ya shigo nasa gidan ma yatsan ne ke riga bakinsa yin sallama. A makon farko na aurensu ya zaunar da ita ya yi mata bayani cikin ladabi, har da zane a takarda, cewa dariya da baki buɗe tana watsa yawu taku uku. Inna ta ce to. Ta ninke dariyarta ta ajiye, ba don ta yarda ba, sai don ba ta son ganin yadda fuskarsa ke yi.

Dokokin gidan ba su da yawa, amma ba sa tsufa. Ba a cin komai a falo. Ba a zama a kujerarsa. Dabba mai gashi ba ta tsallake ƙofa. Wadda ta fi ciwo kuwa ba doka ba ce, ɗabi'ar aiki ce: bai taɓa dawowa gida a lokaci ɗaya kwana biyu a jere ba, domin a wurin aiki an koya masa cewa idan an san lokacin zuwanka, shara za ka tarar an yi maka ta ƙarya. Ko da ya yi ritaya ya koma sakataren ƙungiyar 'yan fansho, inda babu abin da ake yi sai gardama a kan wa zai zauna ƙarƙashin fanka, haka ya ci gaba. Yau sha biyu, gobe la'asar, jibi ya fita ya dawo wai ya manta biro.

Da Inna ta mutu da ƙunci tuntuni, sai Allah ya haɗa mijinta da Kunkuru.

Kunkuru mota ce irin ta da, 'yar ƙundumi, mai tudun baya, kalarta tsakanin ruwan toka da ruwan ƙasa, ya danganta da wanda ka tambaya. Injinta a baya yake, inda sauran motoci ke ajiye kaya, kuma ba ya shan ruwa: wata fanka ce ke hura masa iska ya huce. Ga ta ba gudu, ga ta ba shiru. Tana shan kwanar injin niƙa za ka ji ta tana fat-fat-fat. Idan ta hau kwalbatin makaranta sai ta yi harbi sau ɗaya, tau! Idan ta zo hawan layinsu sai ta yi wani dogon nishi kafin giya ta shiga. Daga injin niƙa zuwa ƙofar gida, minti biyar cif. A cikin minti biyar ɗin nan Inna ta gina rayuwa guda.

Duba-gari na fita, Mai-kitso ta gidan da ke jingine da nasu za ta shigo, sai Nas, wadda ta yi ritaya daga asibiti amma ba ta yi ritaya daga surutu ba. A fito da lido daga ƙarƙashin katifa, a baje shi a kan teburin falo, a zube gyaɗa. Inna ta hau kujerar maigida ta miƙe ƙafa, ta cire ɗankwali, ta buɗe baki har ana hango dasashi. Sai kuma kyanwa ta sauko daga katanga. Baƙuwa suke ce mata, domin a hukumance ba ta zaune a gidan, ko da yake shekararta goma sha ɗaya a cikinsa kuma maigidan bai taɓa sa ta a ido ba.

Da an ji fat-fat-fat, kowa ya san aikinsa. Nas ta kwashe lido. A harbin kwalbati Inna ta share ɓawon gyaɗa, ta juya matashin kujera ta yi masa fifita don kada a ji ɗumi, domin mutumin yakan taɓa. A nishin giya Mai-kitso ta saɓi Baƙuwa ta fice ta ƙofar baya. In ciwon baya na tsufa ya hana ta sauri ma, kyanwar da kanta take haye katanga, don ita ma ta haddace injin. Duba-gari ya shigo, ya shafa taga, ya duba yatsa, ya gyaɗa kai. Sau da yawa yakan faɗa wa 'yan fansho cewa a duk gidajen da ya shiga a rayuwarsa, nasa ne kaɗai bai taɓa kamawa da laifi ba.

Wanda ya zo ya dagula lissafin nan kuwa ɗan cikinta ne. Auta, wanda yanzu har gemunsa ya fara furfura kuma yana gyaran manyan janareto, ya zo wata ranar hutu da takardu a hannu, ya durƙusa ya gaishe su, ya ce ya gaji da ganin mahaifinsa ana tura shi a titi.

"Baba, na samo inji. Sabon yayi, mai ruwa. A cire wannan tsohon a sa shi. Jikin motar yana nan yadda kake son sa, amma za ta tashi bugu ɗaya, ba hayaƙi, ba tari. Wallahi ko tana tsaye a bayanka ba za ka san an kunna ta ba."

Inna na riƙe da faranti. Ta dire shi a kan tebur har ya yi ƙara.

Duba-gari ya ce a'a. Ya ce motar da aka ƙera ta da iska a bar ta da iskarta, shi bai ga dalilin da za a je ana ɗura wa tsohuwa ruwa ba. Da Inna ta yi shiru a nan, da magana ta mutu, domin mijinta idan ya ce a'a ko shi kansa ba ya iya janyewa. Amma tsoro ba ya barin mutum ya zauna lafiya. Ta ga Auta ya bar takardun a kan tebur, ta ga maigidan ya ɗauka yana dubawa bayan an ci abinci, sai hankalinta ya tashi. Ta ce gara ta ƙara wa a'ar nan ƙarfi.

Washegari ta yafa mayafi ta tafi gareji, wurin tsohon bakaniken da ke duba Kunkuru tun tana da fenti. Mutum ne da zamani ya wuce ya bar shi a ƙarƙashin bishiya da gawarwakin motoci huɗu, kuma rabon da wani ya tambaye shi ra'ayinsa har ya manta. Da Inna ta ce ta zo ne ya faɗa mata illar sa injin ruwa a motar iska, sai da idonsa ya kawo ƙwalla. Ya goge mata benci da hularsa. Awa biyu yana magana, tana maimaitawa a bayansa kamar mai ɗaukar karatu.

Da yamma, Auta ya sake zuwa jin ko an canza shawara. Yana buɗe baki Inna ta tare shi.

"Kai, tsaya. Lagireton da zai sanyaya ruwan, a ina za ka sa shi?"

Auta ya dube ta. "Na'am, Inna?"

"Na ce lagireto. Baya babu wuri. Sai dai ka kai shi gaba, ka huda but ɗin da ake zuba kaya, ka ja bututun ruwa tun daga hanci har wutsiya ta ƙarƙashin mota. Rami ɗaya za ta faɗa ya fashe. Sannan injin naka ya fi nata nauyi, gindinta zai zauna, sitiyari ya yi sakayau. Giyabos ɗin kuma da aka yi don ƙarfin doki arba'in, kai za ka ɗaura masa ɗari? Birkin fa, ka yi tunaninsa? Ku yaran yanzu ba ku san darajar abu na asali ba."

Auta ya manta bakinsa a buɗe. Inna ta gyara zama tana jin daɗin kanta, sai ta juya ta ga irin kallon da mijinta yake yi mata. Ta san kallon. Shi ne wanda yake yi wa randar da aka wanke fiye da kima.

Wannan matar, shekara talatin tana kiran motar nan gwangwani. Ta sha cewa gara ta tafi biki a ƙasa da ta shiga cikinta. Ko bambancin birki da totur ba ta taɓa tambaya ba. Yau ita ce da giyabos? Duba-gari bai san abin da ake ɓoyewa ba, amma hancinsa na aiki ya gaya masa akwai shi, kuma yana da alaƙa da injin.

"Auta," ya ce a hankali, idonsa na kan matarsa, "kawo injin."

Mako uku aka yi ana aikin, kuma tunda Duba-gari ba ya hawa motar haya saboda dattin kujerunta, a gida ya yi su. Inna ba ta son tuna makonnin nan. Ya jera cokula bisa tsawo. Ya gano cewa tsintsiyar gidan tana buƙatar wanki. Baƙuwa ta yi hijira gidan Mai-kitso, tana zama a kan katanga ta can gefe tana kallon gidansu kamar wadda aka kora daga gadonta. Duk abin da Inna ta faɗa kuwa sai da ya tabbata: an huda but, an ja bututu, an canza birki, gindin motar ya ɗan zauna. Ba wanda ya ce mata sannu da hangen nesa.

Ranar da aka dawo da Kunkuru, Inna tana tsakar gida tana shanya, sai ta juya ta gan ta a bayanta. Haka kawai, kamar an ajiye ta da hannu. Ta dafe ƙirji. Auta ya leƙo ta taga yana washe baki yana cewa, "Kin ji ko? Ba ki ji komai ba!" Ta ce Allah ya yi masa albarka, don ɗa ne kuma da kyakkyawar niyya ya yi, amma a ranta ta ƙara wasu kalmomin.

Ba ta sallama nan take ba. Ta ɗaura gwangwanin madara biyu a ƙarƙashin motar da igiya. Maigidan, wanda ke zagaya mota sau biyu kafin ya shiga, ya kwance su ya wanke ya jera mata a kicin. Ta koma wurin tsohon bakanike ta roƙe shi ya ɗan huda salansa da ƙusa. Ya ce shi ya yi rantsuwa hannunsa ba zai taɓa motar da aka ci amanarta ba. Daga ƙarshe ta shirya da mai shagon kwanar injin niƙa, cewa da ya ga Kunkuru ta wuce ya yi mata filashin a waya. Kwana huɗu abin yana tafiya daidai, har Nas ta ce ai wannan ya fi na da, ci gaba ke nan. Ran na biyar mai shago ya shiga ciki auna wa wata mata sukari.

A ranar kuwa Inna ke da sa'a. Sau uku a jere tana samun shida. Ta kori 'ya'yan lidon Nas biyu gida, ta tare Mai-kitso a bakin ƙofarta, Nas ta tashi tsaye tana rantsuwa cewa an yi wa kofin kaɗa lidon asiri. Inna ta kwanta a kujerar maigida, ƙafa ɗaya a kan tebur, ɗankwali a ƙasa, tana dukan cinya, dariya na fita tun daga cikinta har hawaye na gangarowa cikin kunnenta. Baƙuwa na kwance a kan jaridunsa da ya jera bisa kwanan wata.

Nas ce ta fara yin shiru. Sai Mai-kitso. Inna ta ci gaba ita kaɗai na ɗan lokaci, kafin ta bi idonsu.

Duba-gari na tsaye a bakin ƙofa, hula a kai, jaka a hannu. Ba wanda ya motsa. Kyanwar, da yake ba ta ji fat-fat ba balle harbi, ba ta ga dalilin gudu ba. Ta yi miƙa, ta sauko, ta je ta shinshina takalminsa, ta goga jikinta a ƙafar wandonsa, ta bar masa gashi.

"Wannan ta wace ce?" ya tambaya.

"Tamu ce, Malam," in ji Inna. Muryarta ta koma irin wadda ya sani.

"Tun yaushe?"

"Shekara goma sha ɗaya."

Ya gyaɗa kai. Ya dubi ɓawon gyaɗa, ya dubi ƙafarta da ta manta a kan tebur, ya dubi lido. Yatsansa ya ɗan ɗaga da kansa, ya mayar da shi. Sai ya ce wa baƙin, "Sannunku da zuwa," ya juya ya fita.

Nas da Mai-kitso suka ɓace ba ko sallama, Nas har da barin takalmi ɗaya. Inna ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauki tsintsiya, sai ta tsaya da ita a hannu, don ba ta ga amfanin sharar ba kuma. Ta zauna a kan tabarma tana jiran hukunci. Ta shirya jin lacca a kan ƙuma da cutar da ke cikin gashin kyanwa, har da zane. Ta jira, ta jira, ba a zo ba. Da abin ya ishe ta sai ta leƙa tsakar gida.

Yana cikin Kunkuru, hannu biyu a kan sitiyari, yana kallon katanga. Ta je ta buɗe ɗaya ƙofar ta shiga, abin da rabonta da yi da son ranta har ta manta. Sai da ta zauna ta ji kujerar na ɗan rawa, ta gane injin a kunne yake.

"Malam, ka yi haƙuri."

Bai juyo ba. "Na fi minti goma a tsaye a ƙofar falo," ya ce. "Da na fito daga mota na ji dariya, sai na koma waje na duba lambar gida. Na zaci gidan wani na shiga. Har na ce a raina, kai, wannan mai gidan ya ji daɗinsa."

Inna ta rasa inda za ta sa idonta. Da zagi ya yi, da ta san yadda za ta yi da shi.

"Kullum haka kuke yi?"

"Kullum."

"Idan kun ji motar sai ku kwashe."

"Minti biyar ne daga injin niƙa."

"Minti biyar," ya maimaita, kamar mai rubutawa a rahoto. Sai ya yi wani ɗan murmushi da bai yi masa kyau ba. "Aiki mai tsafta. Ban taɓa ganin irinsa ba." Ya kashe motar. Bambancin bai taka kara ya karya ba. "Tsohon injin yana nan a gareji, an rufe shi da tampol. Gobe zan je a mayar da shi. Auta zai ji haushi, amma zai huce. Ki ci gaba da abinki, ni ma in ci gaba da shigowa gidan da na sani."

Ga shi nan, abin da ta yi wata biyu tana nema, har da zuwa gareji da haddar giyabos, an miƙo mata a hannu. Sai ta ji ba ta so. Ta dube shi da kyau, abin da ta daɗe ba ta yi ba: wuyan rigarsa ya yi masa yawa, gashin kyanwa na nan a wandonsa bai kakkaɓe ba. Tausayinsa ya kama ta, da kunya, da kuma haushi, domin shi ya jawo, amma ita ma shekara talatin tana sallamar mutum daga gidansa tun yana kwanar injin niƙa. Kuma tsoro bai sake ta ba. Ba ta da tabbacin dariyar za ta yarda ta fito idan yana zaune a wurin.

"Ba za a mayar ba," ta ce.

Ya juyo. "Ke da kika ce lagireto..."

"Na ce. Yanzu kuma na ce a bar shi. An riga an huda but."

"To idan na dawo fa? In tsaya a waje in yi ta danna hon?"

"Ka yi sallama ka shigo, kamar kowa." Ta gyara mayafinta, ta kalli gilashin gaba don kada ta kalle shi. "Lido mutum huɗu ake yi, Malam. Shekara da shekaru mu uku muke yi."

Ya saki sitiyarin ya ce, a hankali, "Ban iya ba."

"Na sani. Nas ma ba ta iya ba, ba ta dai yarda ba ne."

Ta buɗe ƙofa ta fita. Ta kai tsakiyar gida kafin ta ji tasa ƙofar ta buɗe a bayanta, sai ta rage sauri don ya iso.